Dariyar da Aka Bari a Cikin Shela

Da hantsi motar ke biyowa ta gaban shagon, daidai lokacin da Mai ɗinki ta gama share ƙyallayen jiya ta zauna a kan keke. Tun daga kwanar gidan mai ake fara jin ta. Farar motar ɗaukar kaya ce, an ɗaura mata lasifika biyu a ka, an liƙe jikinta da hotunan ɗan takara har sai direba ya leƙo ta taga kafin ya ga hanya. Muryar da ke fitowa daga cikinta kuwa ta mijin Mai ɗinki ce, wanda aka binne tun kafin damina.

"Ku fito, masu gida. Ku fito, 'yan haya. Mai ya tashi, wuta ta tashi, burodi ya ƙanƙance. An ce mu ɗaure ciki, mun ɗaure..."

A nan sai ya ɗan dakata, a ji wata siririyar ƙarar ƙofa, ya yi 'yar dariya ta hanci, sannan ya ƙarasa: "To yau igiyar ta ƙare. Ku fito."

Bayan wannan sai wata murya daban, mai kauri, ta faɗi sunan jam'iyyar adawa da alamar da za a dangwala. Wannan jelar daga baya aka ɗinka ta, kuma Mai ɗinki da ta san ɗinki tana jin inda aka haɗa.

Mijin nata ba ɗan siyasa ba ne, ko kusa. Mai Shela ake ce masa, don shi ke zama a ɗan ɗakin katako na tsakiyar babbar kasuwa yana sanar da yaran da suka ɓata, da makullan da aka tsinta, da lokacin rufe ƙofa. Allah ya ba shi murya, shi ma kuma ya san an ba shi. Ko shayi zai nema a gida sai ka rantse taro yake buɗewa. Da gwamnati ta fito da abin da ta kira tsuke bakin aljihu, aka janye tallafin mai, aka ƙara kuɗin wuta, aka daskarar da albashi, sai ƙungiyoyin malamai da ma'aikatan jinya da direbobi da matan kasuwa suka haɗu suka kira kansu Gamayya, suka sa ranar zanga-zanga. Murya suke nema da za ta tara mutane. Wa za a nema in ba shi ba?

Abokinsa Mai situdiyo ne ya zo da kayan naɗa har gida, don an yanke masa wuta a shago. Ya buɗe wadirof ɗinsu ya tsayar da Mai Shela yana fuskantar kayan da ke rataye, wai tufafi na shanye amon ɗaki. Haka aka naɗi kiran da ya girgiza gari, mutum na tsaye da singileti yana yi wa rigunan matarsa jawabi. Ita tana waje ta ɗora masa ruwan wanka, ta jira ta gaji. Ta tura ƙofar a hankali, ta leƙo da kai ta ce ƙasa-ƙasa, "Ruwan wankanka zai huce." Ya juyo ya gan ta, ga bokiti a hannu ga harara, dariya ta kuɓuce masa. Mai situdiyo ya goge maganarta, amma ya bar dariyar, ya ce ta yi armashi. Duk garin ya ɗauka gwamnati yake yi wa dariya. Ita kaɗai ta san da wa ake.

Ranar zanga-zangar ba ya cikin masu jagora, ba ya ma cikin masu riƙe allo. Ya sa takalmi ya ce mata, "Bari in je in ji yadda nake fita a fili." Shi ke nan abin da ya fitar da shi. A kan gada aka harba hayaƙi mai sa hawaye, na gaba suka juyo, na baya ba su daina zuwa ba, aka tattake shi a tsakiya. Waɗanda suka ɗauko shi sun ce har suka sauko da shi daga gadar motar Gamayya tana gefe tana ta maimaita kiran, don direban ya gudu ya bar ta a kunne.

To, mutum ya mutu, an yi kuka, an share hawaye. Amma ta yaya za a ce ya tafi alhali kullum sai ya wuce ta ƙofar shago yana kira? Mai ɗinki ta koma keken ƙafa tun da wuta ta gagari talaka, kuma da ta jiyo motar daga kwanar gidan mai sai ta ƙara taka keken da ƙarfi don ƙararsa ta rufe. Ba ta taɓa rufewa ba. Duk yadda ta yi, sai ƙafarta ta tsaya da kanta a wurin da ya dakata, ta ji ƙarar ƙofarta, ta ji dariyar. Sau da yawa ta duba ta ga ɗinkin ya karkace, ta zauna tana warwarewa. Tsoro take ji, kuma tana jin haushin kanta da take tsoron muryar mijinta.

Nata mai sauƙi ne a kan na Inna. Inna mahaifiyarsa ce, tare suke zaune a ɗaki biyun da suke haya, kuma tun rasuwar hankalinta ya fara zuwa yana komawa. An gaya mata, ta ga gawa da idonta, amma da motar ta biyo ta layinsu sai ta miƙe ta gyara mayafi.

"'Yar nan, ba ki ji yana kira ba?"

"Inna, mota ce. Naɗa aka yi."

"Mota ce ta san dariyarsa? Ke dai ba ki son fita ne."

Wata rana Mai ɗinki ta dawo daga shago ta tarar da ƙofa a buɗe, takalman Inna a ajiye, babu Inna. Ta bi layi-layi tana tambaya har ƙafarta ta yi ciwo. Wata mai sayar da lemu ce ta riƙe tsohuwar a gindin gada, ta zaunar da ita a kan benci ta ba ta ruwa. Ashe motar ta bi, ba takalmi, duk inda ta juya ta juya. Tafin ƙafarta ya tsage a wuri biyu. Da suka koma gida Mai ɗinki na wanke mata ciwon da ruwan ɗumi, Inna ta ce, "Saura kaɗan in cim masa, sai ya ƙara gudu."

Washegari Mai ɗinki ta kulle shago, ta bar Inna wajen maƙwabciya, ta ce yau sai an kashe muryar nan ko ta halin ƙaƙa.

Ofishin Gamayya a saman wani kantin magani yake. Ta hau bene ta tarar da kujeru a kife, da ƙyallayen zanga-zanga a naɗe a lungu, ɗaya har yanzu da sawun takalma a jikinsa. Sakatare shi kaɗai ne a ciki, wani ramammen mutum mai tabarau, yana fifita da kwali. Da ta faɗi ko ita wace ce sai ya miƙe tsaye, ya yi mata gaisuwa sosai, idonsa ya kawo ruwa. Ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ya ce, "Malama, da a hannuna take da yau ɗin nan na kashe ta. Gamayya ta rabu biyu. Rabi sun ce zanga-zanga ba ta sauke farashi, ƙuri'a ce ke saukewa, suka bi jam'iyyar adawa. Da za su tafi suka tafi da motar da lasifika da muryar. Mu da muka rage, kin gan mu, ko fanka ba mu da ita."

"To wa ya ba su?"

"Ba wanda ya ba su. Ba kuma wanda ya hana su."

Ofishin jam'iyya kuwa da janareto, da sanyi har cikin ƙashi. Tana shiga ta yi karo da mijinta a bango, hoto ƙato, an ɗora masa hular jam'iyya a ka. Mutumin da duk rayuwarsa bai sa hula ta zauna ba, don kan ya yi girma, kullum abin tsokanarsu ke nan a gida. Yau ga shi an samo masa wadda ta yi daidai. Ta daɗe tana kallon hoton kafin aka shigar da ita wajen Jami'in yaɗa labarai, wani mai ƙamshin turare da waya biyu a hannu.

Ya ce, "Uwargidan gwarzonmu ce da kanta? A kawo mata lemu."

"Ba lemu ya kawo ni ba. Muryarsa nake so ku cire daga motarku. Mahaifiyarsa tsohuwa ce, tana bin motar a ƙafa."

"Allah sarki. Allah ya ƙara mata lafiya." Ya ajiye waya ɗaya ya riƙe ɗaya. "Amma Malama, ki duba. Wannan murya yanzu ta fi ƙarfin gida ɗaya, ta al'umma ce. Kin san wurin nan da yake dariya? Duk inda muka sa, in aka zo nan sai fili ya ɗauka. Dariyar da ya yi wa azzalumai ke nan. Masana sun ce ita ce zuciyar kamfen ɗinmu."

Ta buɗe baki za ta gaya masa, sai ta rufe. Ba za ta ba shi bokitinta da ƙofarta ba, ya isa abin da suka ɗauka.

Ya ce ta yi haƙuri zuwa bayan zaɓe. Ya sa aka biyo ta da buhun shinkafa mai hoton ɗan takara. Ta bar shi a bakin get ɗin, ta hau bas.

Tun daga ranar take tafiya da Inna shago. Ta shimfiɗa mata tabarma a bayan keke, kuma da ta jiyo motar sai ta tashi ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya da jikinta. Inna ta riƙe mata hannu tana turawa, tana cewa, "Matsa, 'yar nan, matsa zai wuce." Haka za su tsaya, ɗaya na turawa ɗaya na tarewa, har muryar ta sha kwana. Masu kawo ɗinki suka fara raguwa, don ba kowa ke iya kallon wannan ba.

Aka yi zaɓe, jam'iyyar adawa ta ci. Aka yi ta busa hon a titi har rana ta faɗi. Washegari da hantsi Mai ɗinki ta tashi ta tsaya a bakin ƙofa kamar kullum, motar ba ta zo ba. Jibi ma haka. Ta ce alhamdulillahi, ta faɗa da gaske, ta ɗinka riga uku a ranar ba ta warware ko ɗaya ba.

Sai dai Inna ta ja tabarmarta zuwa bakin ƙofa ta zauna tana kallon kwanar gidan mai.

"Yau bai wuce ba."

"Bai wuce ba, Inna."

"Ko ba shi da lafiya?"

Kullum sai ta tambaya. Ta rage cin abinci, ta rage magana. Da a ce tun farko ta yarda ya mutu da yanzu ta fara sabawa, amma sai yanzu mutuwar ke zuwar mata, a hankali, kowace safiya kaɗan. Mai ɗinki na kallonta tana zubewa, kuma ita ce ta yi ta yawo ofis-ofis tana roƙon wannan shirun.

Ita ma ba ta tsira ba. Da hantsi ya yi sai ƙafarta ta tsaya a kan keke tana jira. Wata rana ta ce bari ta tuno muryar da kanta, ta rufe ido. Kalmomin suka zo duka, ba wanda ya ɓace. Muryar ce ta ƙi zuwa. Ta gwada tuno yadda yake neman shayi, yadda yake kiran sunanta daga tsakar gida, sai ta ji tata muryar ce ke kwaikwayo a cikin kanta. Wayarsa a kan gada aka tattake ta, tata kuma ƙaramar mai madanni ce da ba ta ajiye komai. Wata da watanni muryar na bin ta har cikin barci, ba ta taɓa tunanin ta ajiye ta ba.

Ta je wajen Mai situdiyo. Ta same shi a shagonsa yana gyara wa wani rediyo, teburin da kwamfutarsa ke zama babu komai sai zanen ƙura mai kusurwa huɗu. Da ya gan ta ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ba faɗa na zo ba. Kwafi nake so. Ba na mota ba, na farkon, wanda ka naɗa a ɗakinmu. In da maganata a ciki ma ina so."

Ya ce, "Matar abokina, kin makara. Mutanen sabuwar gwamnati sun zo sun ɗauke kwamfutar. Sun ce kiran nan na tunzura jama'a ne, an hana sa shi a rediyo, an hana a mota."

"Su da suka yi ta yawo da shi?"

"Su ɗin. Ai kin ga ba a sauke komai ba, ƙari ma aka yi. Wai sun tarar da baitulmali a bushe. Yanzu in mutum ya ji 'burodi ya ƙanƙance', wa zai kalla?"

"Mutane fa? Ai da yawa sun naɗa a waya."

"Ana duba wayoyi a shingen hanya. An kama wasu. Kowa ya goge, wanda bai goge ba kuma ba zai nuna miki ba, ko ni ba zai nuna wa ba." Ya ɗago ya dube ta. "Da na san haka da na bar maganarki a ciki na ba ki tun ranar. Ki yafe mini."

A hanyar komawa ta biyo ta gaban ofishin jam'iyya. Ta leƙa ta get, ta hango bangon. An sauke hoton, an rataya na sabon shugaba a kan ƙusar.

Haka aka ci gaba. Burodi ya ƙara ƙanƙancewa, bas ya ƙara tsada, malamai suka shiga wata na biyu ba albashi. Sai aka fara raɗe-raɗin cewa ramammen Sakataren nan da 'yan tsirarun da suka rage masa sun sake kiran fita. Gwamnati ta ce ba ta hana tafiya ba, amma ba lasifika, ba mota, ba ganga. Mai ɗinki ba ta sa abin a ka ba. Ta ce wa zai fito ba a kira shi ba?

Ranar ta buɗe shago kamar kullum, Inna na kwance a kan tabarma ta juya wa ƙofa baya, don ta daina kallon hanya. Da hantsi sai Mai ɗinki ta ji wani abu daga kwanar gidan mai. Ba ƙarar inji ba ce, takun ƙafafu ne masu yawa. Ta tashi ta leƙa. Titin ya cika daga wannan gefe zuwa wancan, ma'aikatan jinya da fararen kayansu, direbobi, matan kasuwa, malamai, wasu ma da tsohuwar hular jam'iyyar sun juya ta ciki waje. Ba kowa da lasifika. Da baki suke faɗa, gaba ɗaya, da irin tashin da saukar da ta sani.

"Ku fito, masu gida. Ku fito, 'yan haya."

Inna ta motsa a kan tabarma.

"Mai ya tashi, wuta ta tashi, burodi ya ƙanƙance."

Suna daidai ƙofar shagon yanzu. Mai ɗinki ta dafa ƙyauren. Ba wanda ya koya musu, motar ce ta cusa musu shi a kunne wata da watanni har suka haddace shi yadda yake.

"An ce mu ɗaure ciki, mun ɗaure..."

Sai titin gaba ɗaya ya yi tsit. Dubban mutane, ba wanda ya ba da umarni, suka dakata a wurin da ya dakata. Ana jin takun ƙafa kawai. Wurin nata ne, kuma a buɗe yake, suna jira ba su san abin da suke jira ba. Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. Ta faɗa ƙasa-ƙasa, kamar yadda ta faɗa a wancan karon.

"Ruwan wankanka zai huce."

Titin ya yi dariya. 'Yar gajeriyar dariyar nan ta hanci, daga bakin mutanen da ba su taɓa shiga ɗakinta ba. Sannan suka ƙarasa, "To yau igiyar ta ƙare," suka wuce, suka nufi hanyar gada.

Ta tsaya riƙe da ƙyauren, hawaye na zuba ba ta share ba. Da ta juyo ta ga Inna ta tashi zaune, ta gyara mayafi, fuskarta ta washe kamar ba ita ce ta ƙi abinci ba.

"Kin ji shi ko, 'yar nan?"

Mai ɗinki ta ce, "Na ji shi, Inna."

"To tsayuwar me kike yi? Jeki ki ƙara ɗumama masa ruwan, yanzu zai shigo."